Alherin Allah da Balagar Mai Bi: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Ƙasar Gezawa

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata masu bin Yesu Almasihu a ƙasar Gezawa da maƙwabtanta, da waɗanda neman ilmi ko neman abinci ya kai su birnin Kano, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata mas'ala da na ga tana damun da yawa daga cikinku, ko da yake ba kowa ne yake iya furta ta a gaban dattawa ba, watau yadda mutum zai yi shekaru da karɓar baftisma, yana zuwa sujada, yana ba da baiko, yana rera waƙa tare da jama'a, amma in ya kaɗaita ya binciki zuciyarsa sai ya tarar fushin da ya sani tun yana yaro yana nan, hassada tana nan, son a yabe shi yana nan, har ya fara tambayar kansa ko akwai wani girma da ya yi cikin bangaskiya, ko kuwa tun farko ruɗin kansa yake yi.

Tambayar ba ta banza ba ce, ba na kuwa so in rufe ta da 'yan kalmomin lallashi, domin wanda bai taɓa yi wa kansa ita ba shi ya fi cancanta a ji masa tsoro. Amma na lura mafi yawan masu wannan damuwa sun ɗora ta ne a kan wani zato wanda ba shi da asali a cikin Littafi Mai Tsarki, shi ne cewa alherin Allah aikinsa ya ƙare tun ranar da suka tuba aka yi musu baftisma, ya shafe musu tsohon bashi, ya sallame su, daga nan kuwa sauran tafiyar ta koma wuyansu, da ƙarfinsu da dabararsu za su kai kansu ga kamala. Wannan shi ne ainihin abin da Manzo Bulus ya tsauta wa Galatiyawa a kansa a sura ta 3 ta wasiƙarsa, inda ya yi al'ajabin mutanen da Ruhun Allah ya fara aiki a cikinsu, sa'an nan suka juya suna neman kammala shi da ƙoƙarin kansu. Wanda ya riƙi wannan zato, ɗayan biyu ce makomarsa. In ya ga kamar yana cin nasara, sai ujubu ya shige shi, ya riƙa auna kansa da na kusa da shi a benci, ibadarsa ta rikiɗe ta zama riya. In kuwa ya ga yana faɗuwa, sai ya yanke ƙauna, ya fara ja da baya daga zumunta, yau ciwon kai, gobe aikin gona, har a wayi gari an daina ganinsa.

Ba abin mamaki ba ne wannan zato ya sami wurin zama a zukatanmu, gama mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan ramawa, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Iyayenku mata sun san abin da kowace ƙawa ta kawo ranar suna ko ranar biki, suna riƙe da shi a ka, domin ranar nata bikin a mayar mata da abin da ya fi. Wanda aka yi wa gayya bana ya san baɗi da fartanyarsa zai fita gonar wani. Mutumin kirki a wurinmu shi ne wanda ba ya mance alherin da aka yi masa sai ya rama. To, zuciyar da ta saba da wannan, in aka ce mata ga kyauta wadda ba a saye ta ba, ba kuwa za a iya rama ta ba har abada, sai ta ji nauyi, ta shiga neman hanyar biya a asirce, tana ƙirga azuminta da baikonta da yawan zuwanta majami'a. Har ma mukan ce, wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Maganar tana da gaskiya a sha'anin noma da kasuwa, kuma nakan faɗa wa malalaci ita ba tare da wata shakka ba. Amma a sha'anin ceto ba ta isa ba, gama Afisawa sura ta 2 ta siffanta mu da matattu saboda zunubi, matacce kuwa ba a ce masa ya fara tashi kafin a taimake shi. Allah ne yake tayarwa, sa'an nan wanda aka tayar ya yi tafiya, kuma ƙarfin tafiyar ma daga wurin wanda ya tayar da shi yake fitowa, yau da gobe da jibi, har ranar da za a sa shi a kabari.

Kada ku zaci mas'alar sabuwa ce, ko kuwa Turawan mishan ne suka zo da ita, domin a ƙasar Afirka aka yi babbar muhawara a kanta, shekara wajen 1,600 da suka shige. Wani malami mai tsananin zuhudu, mutumin Birtaniya, ana ce da shi Filajiyas, da ya ga sakacin masu bi a birnin Rum sai abin ya ba shi haushi, ya koyar da cewa tun da Allah ya umarci mutum ya zama mai tsarki, to lalle mutum yana da ikon yin haka da nufin kansa, alheri kuwa bai wuce koyarwa da kyakkyawan misali da gafarar abin da ya gabata ba. Niyyarsa gyara ce, kamar yadda niyyar masu tsanantawa takan kasance. Wanda ya tsaya ya yi masa raddi shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda aka haifa a 354 ya rasu a 430; ya kuwa yi raddin ne a matsayin wanda ya san kansa, domin ya yi shekaru yana sane da gaskiya, yana ma son ya bi ta, amma sha'awa ta ɗaure shi ya kasa, sai da Allah ya kwance shi. Hujjarsa ita ce, cutar ɗan Adam ba jahilci kaɗai ba ne da za a ce karatu ya warkar, nufinsa ne ya karkace, karkataccen nufi kuwa ba ya miƙe kansa da kansa. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj a 418 ta tabbatar da cewa alheri ba ga gafarar zunuban baya kaɗai ya tsaya ba, yana kuma ba da taimako kada a koma gare su, yana sa mutum ya ƙaunaci abin da ya sani daidai ne, ya kuma sami ikon aikata shi. A ganina matashin da ya fahimci wannan ya huta da rabin wahalarsa.

Akwai ɓata ta ɗaya gefen, ba zan daɗe a kanta ba domin muninta a fili yake, watau ta wanda yake cewa tun da da alheri aka cece shi, to bari ya yi abin da ya ga dama, gafara tana nan tana jiransa. Bulus ya rushe wannan a Romawa sura ta 6, kuma Dietrich Bonhoeffer, malamin tauhidi na Jamus wanda gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya yi kakkausan gargaɗi a littafinsa na 1937 a kan mai da alheri abu mai arha, a karɓi gafara a ƙi tuba. Wasiƙar Titus sura ta 2 ta nuna alherin da yake ceto shi ne kuma yake horon mutum ya rabu da mugayen sha'awace-sha'awace. Saboda haka wanda ya ce ya karɓi alheri alhali bai taɓa jin horonsa ba, sai ya sake bincike a kan abin da ya karɓa.

To, ina matsayin ƙoƙarin mutum a cikin wannan duka? Amsar tana bayan gidajenku. Ƙasarmu tana cikin yankin nan na kewayen birnin Kano inda mutane suka yi yawa gonaki suka yi kaɗan, har ba a san hutun gona ba; gonar da kakanka ya noma ita ubanka ya noma, ita kake nomawa kowace damina, gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, ga ta jigawa, amma ba ta mutu ba. Masana irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna nazarin wannan al'amari a ƙauyuka irin su Tumbau, babban abin da suka tarar kuwa kowane yaron gida ya san shi, watau taki. Ku tuna yadda ake yi da bazara, rana tana dukan ƙeya, ƙasa ta bushe ƙayau: a share turken awaki da tumaki, a haɗa da toka da sharar gida, a cika mangala a ɗora wa jaki, a kai gona a juye tsibi-tsibi, a koma a sake ɗaukowa, wasu ma har daga jujin birni suke sayowa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba, ko gajimare babu a gabas. Manomin da yake wannan wahala bai taɓa cewa takinsa ne yake jawo hadari ba, bai kuma taɓa ɗaukar ruwan sama a kan ladan jigilar da ya yi ba, domin ya sani sarai in sama ta ƙi, tsibin nan ba abin da zai tsinana masa. Amma kuma bai taɓa cewa tun da ruwa na Allah ne bari ya kwanta a gindin darbejiya ba, gama ya ga abin da yake samun gonar da aka hana wa taki: ruwan da ya sauka a ta maƙwabci shi ya sauka a cikinta, duk da haka dawarta ta tsumbure ta yi rawaya, ƙuduji ya ci ƙarfinta, da kaka kuwa 'yan dammunan da aka ɗaure ba su isa a buɗe musu rumbu ba.

Karatun Littafi Mai Tsarki, da addu'ar ɓoye da ta iyali, da sujadar Lahadi, da Jibin Ubangiji, da zumuntar 'yan'uwa, da zuwa ka nemi gafarar wanda ka cuta, su ne jigilar takinku. Ba sa sayen kome a wurin Allah, amma ta wurinsu ya ga dama alherinsa ya riƙa ratsa zuciya, wanda ya yi sakaci da su kuwa kada ya yi mamakin tsumburewarsa. Ba kuma a tone shuka kowace safiya a duba ko ta yi saiwa. Ubangijinmu ya nuna a Markus sura ta 4 cewa iri yana tsirowa ne ta hanyar da mai shi bai sani ba, a Luka sura ta 13 kuma ya ba da misalin ɓauren da ya yi shekara uku bai yi 'ya'ya ba, mai lura da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda ya yi masa kaftu ya zuba masa taki. Sai dai misalin gonar ya gaza ta wuri ɗaya, wajibi ne kuwa in faɗe shi: manomi yakan ga da ƙarfin damtsensa ya ɗaga mangala, mai bi kuwa ko marmarin buɗe Littafin da asuba ba shi aka yi. Shi ya sa Filibiyawa sura ta 2 ta umarce mu mu himmantu, ta kuma kafa dalilin umarnin a kan cewa nufin da aikin duka Allah ne yake haifar da su a cikinmu. Shi ya sa kuma Bulus, da ya ambaci yawan wahalar da ya sha cikin aikin bishara a 1 Korantiyawa sura ta 15, nan take ya mayar da yabon ga alherin da ya ɗauke shi.

Ina so kuma ku dubi yadda bishara ta iso ga Hausawa, domin a tarihin kakanninmu na bangaskiya akwai maganin gaggawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda hukumar zamaninsa ta yarda, har aka kashe shi a kasuwa saboda ya ƙi janye maganarsa. Almajiransa, waɗanda aka sani da suna Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da wasu sassan Zazzau, ba Linjila a hannunsu, ba majami'a, ba mai yi musu baftisma, iyakar abin da suke da shi ɗan haske ne da sa zuciya, suka kuwa zauna haka fiye da shekara 40. Ana cikin wannan, a 1900, Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu na mishan ɗin CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka juya ba su sami ko mutum ɗaya ba. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana fassara, masu tuba kuwa ana ƙirga su da yatsu. Sai a 1913 wasu samari daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa da ƙafarsu, ba shi ya je nemansu ba. Daga nan aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, aka yi gidaje da gonaki da wurin sujada, kowa yana cewa ga amfanin haƙuri ya fito, sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya faɗa wa garin, cikin 'yan shekaru ya kashe da yawa, sauran suka tashi. Wanda ya tsaya a kangon Gimi a kwanakin nan, da ya rantse aikin ya mutu. Amma yaran da suka tsira an rene su a makarantar mishan ta Zariya, wadda ta koma Wusasa a 1929. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga jama'ar Wusasa kuma aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ban kawo sunayen nan saboda muƙamansu ba, gama muƙami daban, balaga daban. Na kawo su ne domin ku ga cewa babu ko ɗaya daga cikin mutanen farko da ya tsara wannan al'amari ko ya ga ƙarshensa, ba Malam Ibrahim ba, ba waɗanda aka binne a Gimi ba. In kuwa Allah ya yi haƙurin shekaru masu yawa haka kafin ya kafa jama'a guda, ban ga dalilin da zai sa ɗayanku ya yanke wa kansa hukunci saboda 'yan shekarun da ya yi yana kokawa da halinsa ba.

Da me za a gane wanda ya girma? A zamanin nan da wa'azi ya cika wayoyin hannunku, za ku ji masu auna balaga da ƙarfin murya wajen addu'a, ko da yawan wahayi da mafarkai, ko da mota da gida, har su ce wa matalauci da majinyaci ƙarancin bangaskiya ne ya kai su ga halin da suke ciki. Wannan magana tana ɓata mini rai ƙwarai, domin zalunci ce a kan bayin Allah waɗanda na sani sun fi masu faɗarta tsoron Allah nesa ba kusa ba, kuma Bulus da kansa sau uku ya roƙa a ɗauke masa wata wahala a jikinsa ba a ɗauke ba, aka bar shi da alheri kaɗai, kamar yadda ya bayar da labari a 2 Korantiyawa sura ta 12. Ku lura ma da yadda yake ambaton kansa: ga Korantiyawa ya sa kansa a ƙarshen manzanni, ga Afisawa ya sa kansa a ƙasan dukan masu bi, ga Timoti kuwa ya sa kansa a gaban masu zunubi. Ba lalacewa ya yi ba. Wanda ya ƙara sanin tsarkin Allah, ƙara sanin halin zuciyarsa yake yi, bukatarsa ga alheri kuma ƙaruwa take yi a idonsa. Saboda haka zafin da kuke ji a kan laifin da dā ba ya hana ku barci, sau da yawa shi kansa alama ce Ruhu Mai Tsarki yana aiki.

Na san wata tsohuwa, asalinta Bamagujiya ce, ta tuba da girmanta, har ta rasu ba ta iya karatu ba, jikarta take karanta mata Littafin da dare a hasken aci-balbal. A ƙuruciyarta an san ta da kaifin harshe, in ta fara faɗa a bakin rijiya sai mata su ɗauki tulunansu su ba ta wuri, kuma wannan hali bai bar ta ranar baftisma ba, ya bi ta shekaru masu yawa tana kuka da shi cikin addu'a. Bayan ta tsufa, wani maƙwabcinta ya tuge gambar da ke kan iyaka ya ci mata kunya uku na gona. Ba ta yi shiru ba, ta kai magana gaban mai unguwa, aka kira shaidu, aka mayar mata da haƙƙinta, gama alheri bai hana mutum neman gaskiyarsa ba. Amma ko kalma ɗaya ta zagi ba a ji daga bakinta ba. Da damina ta zagayo, mutumin ya kwanta ciwo daidai lokacin maimai, ciyawa ta rufe masa gero, sai ta tura jikokinta maza da fartanyu suka nome masa gonar. Da aka yi mata magana, iyakar abin da ta ce shi ne, “Abin da aka yafe mini ai ya fi kunya uku.” Ban taɓa jin bayanin balaga da ya fi wannan daga bakin wani mai digiri ba.

Ku kuwa 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, rijiyarku ɗaya, kasuwarku ɗaya, kuna zuwa musu gaisuwar mutuwa suna zuwa muku, kuma a nan ne za a jarraba girmanku, a cikar mudu, da biyan rance a kan lokaci, da riƙon amana, da yadda kuke amsa baƙar magana in ta zo. Kada ku ɓoye bangaskiyarku saboda tsoro, kada kuma ku riƙe ta da gaba. Waɗanda suka wanke gyambunan kutare a asibitin Yadakunya, wanda mishan ɗin SIM ya karɓi riƙonsa a shekarun 1930, da waɗanda suka yi aiki a asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, ba su ware majinyaci saboda addininsa ba, kuma har yau akwai tsofaffi a ƙauyukanmu da suke tuna wannan da alheri.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ranar faɗuwa, domin za ta iya zuwa ga kowane ɗayanku. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka maido shi aka danƙa masa kiwon jama'a, bayan shekaru kuma ya sake yin tuntuɓe a Antakiya har Bulus ya tsauta masa a gaban mutane. Duk da haka wasiƙa ta biyu mai ɗauke da sunansa da kira ga girma cikin alheri ta ƙare. In kun faɗi, kada ku ce sai kun gyara kanku tukuna za ku koma ga Allah, gama wannan shi ne tsohon zaton nan ya dawo da wata riga. Ku tuba a ranar, ku je wurin fasto ko wani dattijo amintacce a cikin makon, ku faɗi gaskiya ba ragi, ku mayar da abin da kuka ci na wani, in kuwa ikilisiya ta sa ku ƙarƙashin horo, ku karɓa da tawali'u, ku ci gaba da zuwa sujada ko da a bencin baya za ku zauna. Ina kuma roƙon 'yan'uwana dattawa, in wannan takarda ta faɗa hannunsu, su tuna manufar horo maidowa ce, kada a sa yaro a baya a mance da shi, a riƙa zuwa gidansu ana gaishe shi ana addu'a tare da shi har wa'adin ya cika. Wanda kuma ya tafi Kano ko wani gari neman ilmi ko sana'a, kada ya bari Lahadi biyu su wuce bai nemi ikilisiya a Sabon Gari ko a unguwar da ya sauka ba, ya gabatar da kansa ga dattawanta, ya faɗa musu sunan ƙauyensu da na fastonsa, domin a san shi, a kuma sami wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ranar da ƙafarsa ta yi nauyi.